Gida Na Cewa Yana Makaranta, Makaranta Na Cewa Yana Gida

Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malaman firamare da ƙananan sakandare

     

An nemi in yi magana a kan fashin makaranta. Maganar tana da yawa, lokacin kuma kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan gaɓa guda. Idan yaro bai zo makaranta ba, kuma babu wanda ya kawo uzurinsa, wa ya kamata ya ji? Yaushe? Ta bakin wa, kuma da wane irin lafazi?

Yaran da lissafi ya tsallake

Duk lokacin da aka tayar da zancen ilimi a Arewa, alƙaluman da ake fara kawowa su ne na yaran da ba sa makaranta sam. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ambaton kimanin yara miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 a Nijeriya, ya kuma ce a Arewa kashi 53 cikin ɗari ne kawai na yaran da suka isa firamare suke zuwa. Waɗannan muna ganinsu da idonmu a tasha da bakin danja.

Amma akwai wasu yaran da ba a cika ƙirga su ba. Sunansu yana cikin rajista. Uwa ta tashe su da safe, sun sha koko, ta ba su kuɗin tara, sun rataya jaka sun fita. Da aka tashi sun dawo cikin ayarin 'yan makaranta, har da ƙura a ƙafa. Daga bakwai da rabi zuwa ɗaya da rabi, gida na cewa suna makaranta, makaranta na cewa suna gida. Awa shida ke nan babu wani babba da ya san inda yaron yake: ko gidan kallo, ko gidan gem, ko bakin kududdufi, ko wani kango a bayan gari inda manyansa ke koya masa abin da ba a faɗa a bainar jama'a.

Mu yi ɗan lissafi. Makon makaranta kwana biyar ne, shekarar karatu kuwa zango uku, wajen mako 39. Yaron Maigatari da ke fashi kowace Alhamis saboda kasuwa, ko na Wudil da ke yin haka kowace Juma'a, ya zubar da kashi ɗaya bisa biyar na karatunsa. Kafin ya gama aji shida ya yi asarar fiye da shekara guda cur, alhali in ka tambayi mahaifinsa zai ce maka, da gaskiyarsa, ai rana ɗaya ce kawai. Masu nazarin ilimi suna fara ɗaukar fashi a matsayin cuta idan ya kai kashi 10 cikin ɗari na kwanakin karatu, wato kwana biyu kacal a wata. Dalili kuwa a fili yake. Ranar da aka koyar da aro a lissafin ɗebewa ba ya nan. Washegari an wuce gaba. Ya zauna bai gane komai ba, aka kira shi gaban allo aka yi masa dariya. Jibi kuma da kansa zai nemi hanyar da ba ta bi ta ƙofar makaranta ba. Fashi yakan haifi jahilci, jahilcin ya haifi kunya, kunyar ta sake haifar fashi.

Ina labarin yake maƙalewa?

Abin mamaki, makaranta ta san duk wannan, har ma a rubuce. Mu malamai mun san littafin nan mai faɗi na rajista. Da safe malamin aji ya buɗe ya yi kiran suna. Wanda ya amsa a ja masa ɗan layi a karkace, da rana a ja na biyu su haɗe. Wanda bai amsa ba a zagaya masa sifili. Ranar Juma'a a haɗa jimilla, maza daban mata daban, a fitar da kaso, hedimasta ya sa hannu. Daga nan alƙaluman su hau sama, zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, har su kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Sifilin nan yakan yi tafiya har babban birnin jiha, amma bai iya tsallaka titi ya shiga gidan su yaron ba. Iyakar abin da ke isa gida shi ne wani ɗan gurbi a takardar sakamako ta ƙarshen zango, da Turanci, bayan wata uku, kuma a hannun shi mai fashin.

Ita kanta rajistar ba kullum take faɗin gaskiya ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a cikinmu nan akwai mai riƙe da fiye da ɗari. Sai ya tambayi monita su wa ba su zo ba, ko ya bari sai Juma'a ya cike na mako gaba ɗaya da ka, ko kuwa aboki ya amsa wa abokinsa daga bayan aji. A zamanin da muke ciki wannan ya wuce sakacin takarda, ya zama maganar rai. Ranar 7 ga Maris, 2024, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna, adadin da aka fara bayarwa 287 ne. Da aka dawo da yaran bayan fiye da mako biyu, gwamnati ta ce 137 ne. Ba na ɗora wa kowa laifi, abin ya faru da sassafe ana cikin firgici. Amma ya nuna mana cewa sanin wanda ya shigo makaranta yau, suna da suna, yana daga cikin tsaro.

Ba haka iyayenmu suka yi ba. A makarantar allo, in malam ya ɗaga kai bai ga yaro ba, nan take zai tura manyan ɗalibai gidansu. Da yawa a cikinmu sun ga yadda ake ɗauko mai gudun makaranta cancak, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa. A zamanin En'e kuma, yaron da ya gudu daga elementare maganarsa takan kai gaban dagaci ko hakimi. Ba ina kira a dawo da jan yara a ƙasa ba ne. Abin da nake so mu ɗauka shi ne saurin: kafin rana ta take, gida ya ji. Har yau in akuya ba ta shigo da magariba ba, ba a kwana sai an zaga maƙwabta an yi cigiya. Yaya za a ce ɗan mutum ya ɓace wa aji mako biyu ba a yi cigiyarsa ba?

Me doka ta ce?

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta ɗora wa uba ko mariƙi tabbatar da cewa yaro yana zuwa har ya kammala. Wanda ya saɓa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Jihar Kano ta yi tata dokar ta ilimi kyauta kuma dole a 2020, sannan a 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

To amma, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, ku da kuke sulhu tsakanin jama'a kun fi ni sani: ba a hukunta mutum a kan abin da ba a sanar da shi ba. Kafin hukuma ta ce uba ya yi sakaci, sai makaranta ta iya nuna ranar da ta gaya masa, da wanda ta aika, da amsar da ya bayar. In babu wannan, sakacin namu ne tare.

Fashi iri uku ne

Sifilin rajista kamarsa ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashinsa ya bambanta.

Na farko, fashin da yake da uzuri na gaskiya amma ba a faɗa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro a damina, ko an yi rasuwa an tafi ƙauye. Iyayen ba su san ana sanar da makaranta ba, domin ba wanda ya taɓa ce musu su yi, ba su ma da lambar kowa.

Na biyu, fashin da gida ne ya sa. Talla, raino, ɗiban ruwa, tsaron shago, noma da girbi, ko biki na mako guda. A nan ba sabon labari za ka kai wa uba ba, ya riga ka sani. Abin da bai sani ba shi ne jimilla.

Na uku, fashin da gida bai da masaniya a kansa. Shi ne mafi hatsari, shi ne kuma wanda kira guda yake iya kashewa tun yana ɗanye, domin ginshiƙinsa ɗaya ne: yaron ya tabbata cewa malaminsa da mahaifinsa ba za su taɓa haɗuwa ba.

Malami ba zai san da wanne yake fama ba sai ya tambaya. Shi ya sa saƙon farko dole ya zama tambaya, kada ya zama tuhuma.

Yadda saƙon zai kasance

Lokacinsa ranar da abin ya faru, kafin a dawo daga tara. Saƙon da ya kwana uku ya zama tarihi.

Lafazinsa kuwa, ku saurari waɗannan biyun. Wani malami ya kira ya ce: "Kai ne uban wane? Ana nemanka a makaranta gobe, ɗanka ya gagare mu." Mutumin nan yana tsakiyar kasuwa, abokan sana'arsa na ji. Ko dai ya kashe waya ya ce malaman nan sun raina shi, ko ya dawo gida ya ɗauki wayar rediyo. Wani malamin kuma ya ce: "Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Malamin ajin wane ne. Ba mu gan shi yau ba, shi ne na ce bari in ji ko lafiya." Labari ɗaya suka isar. Amma na biyun ya bar wa uba ƙofar da zai shigo da mutuncinsa. In yaron ba shi da lafiya, an yi gaisuwa. In shi ya aike shi, zai ji nauyi. In kuwa bai sani ba, zai yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, na gode, Allah ya saka da alheri." In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Idan fashin ya maimaitu, a faɗi adadi. Kada a ce "yana yawan fashi", domin yawa a wurin malami daban, a wurin uba daban. A ce, "A watan nan an yi karatu kwana ashirin, ya zo goma sha uku." Akwai binciken da ya gwada wannan. A birnin Filadelfiya na Amurka, Todd Rogers da Avi Feller sun yi aiki da gidajen yara kusan 28,000 masu yawan fashi, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun tarar iyaye suna zaton fashin 'ya'yansu bai wuce kusan rabin ainihin adadinsa ba. Da aka riƙa aika musu 'yar takarda mai ɗauke da jimillar kwanakin, fashi mai tsanani ya ragu da kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Da aka ƙara da kwatanta yaron da 'yan ajinsu, hakan bai ƙara wani amfani ba. Garinsu ba namu ba ne, gidan waya ma ba ya kai wasiƙa lungunanmu. Amma uba uba ne a ko'ina: yana yi wa ɗansa kyakkyawan zato, kuma ba ya riƙe lissafi. Ka ba shi adadi tsagwaronsa, ba sai ka haɗa masa da gori ba.

Sai hanyar aikawa. Wasiƙar Turanci da aka danƙa wa shi mai laifin ya kai, kowa ya san a kwata take ƙarewa. Saƙon tes bai kai naira goma ba, amma sai mai karatu, saboda haka a rubuta shi da Hausa. Kira ya fi, saƙon murya ma yana yi ga mai WhatsApp. Inda babu waya ko babu sabis, akwai ƙafa: maƙwabcin yaro a aji, ɗan kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, na unguwar, ko mai gadi a kan hanyarsa ta komawa gida. A aji mai yara ɗari ba ɗari za ka kira ba, waɗanda ba su zo ba ne kuma ba a ji dalili ba. A raba ajin unguwa-unguwa, kowane rukuni da ɗalibi guda mai kawo rahoto, aiki zai yi sauƙi.

Wa za a gaya wa? A nan muke yawan kuskuren ƙofa. Lambar da ke takardar shiga makaranta ta uba ce, shi kuwa ya fita tun asuba, ko yana ci-rani a Legas ko Fatakwal. Wadda ta san ko yaro ya karya, ko ya yi kuka kafin ya fita, ko an ga baƙon kuɗi a aljihunsa, tana cikin gida, malami namiji kuwa iyakarsa zaure. Saboda haka kowace makaranta tana bukatar malama ko 'yar ƙungiyar iyaye mata da za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida. Kuma a bincika a hannun wa yaron yake: wani riƙonsa ake yi, wani yana wurin kaka, wani iyayen sun rabu. A karɓi lamba biyu ko uku tun ranar ɗaukar yaro, a sabunta su kowane zango. Uba dai shi ne maigida, ba a tsallake shi, amma kada a bar uwa a duhu.

Abu biyu kuma a guje musu. Kada a jera sunayen masu fashi a zauren WhatsApp na iyaye ko a karanta su a taro irin wannan. Asirin gidan mutum ne. Kuma a daina cewa yaro, "Kada ka dawo sai da ubanka." Wanda ke gudun aji ka kore shi daga aji, ai ka biya masa bukata ne.

Amsar da za ta dawo mana

'Yan uwana malamai, mu shirya, domin in muka fara tambaya za mu ji abin da ba zai yi mana daɗi ba. Za a ce mana yaron ya zo, ya hango ana zane 'yan makara a bakin get, ya juya. Makarar minti goma ta zama fashin yini guda, kuma bulalarmu ce ta mayar da ita haka. Za a ce an koro shi saboda kuɗin jarrabawa ko na alli, alhali dokar 2004 da muke tsorata iyaye da ita ta haramta karɓar kuɗi a wannan mataki, har ta yanka tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga mai karɓa. Za a ce yarinya ta fara girma, makarantar babu ban ɗaki mai ƙofa, babu ruwa, don haka duk wata sai ta zauna gida kwana uku ko huɗu, kuma ba abin da za ta iya gaya wa malami namiji ba ne. Za a ce wani babban ɗalibi ne ke ƙwace masa kuɗin tara. Wani uban kuma zai dube mu ya ce, "Malam, ranar da ya je ma bai tarar da kowa a ajin ba." Wanda zai kira gida ya tambayi inda yaro yake, sai ya kasance shi ma yana inda ya kamata a same shi.

Ku kuma iyaye, in saƙo ya zo, kada duka ya riga tambaya. Yaron da aka yi wa jina-jina saboda kiran malami ba fashi zai daina ba, zai dai koyi ɓoye shi ne, wani ma ya bar gidan gaba ɗaya. A zaunar da shi bayan sallar isha, a tambaye shi ina ya je, da wa, me ya hana shi shiga. Iya, ko ba ki yi boko ba, kin iya gane sabon rubutu. Buɗe littafinsa kullum ki ga ko shafin ya ƙaru. In kwana uku littafi yana wuri ɗaya, akwai magana. Ranar da kuka san ba zai je ba, ku riga malam kira, ko ku aika ɗan uwansa ya faɗa. Wannan kaɗai zai rage wa makaranta aiki mai yawa, ya bar mata waɗanda suke bukatar a bi sawunsu da gaske.

Abin da nake roƙo

Ina roƙon kada mu watse sai mun amince da matakai huɗu. Ɗaya, kowane malamin aji ya yi kiran suna da bakinsa safe da rana, kuma kafin ƙarshen mako mai zuwa ya mallaki lambar gidan kowane yaro, iyaye su ma su mallaki tasa. Biyu, fashin da ba uzuri a sanar da gida a ranar, kwamitin SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai su nemo kuɗin katin, kada a bar wa malami a albashinsa. Uku, in ya kai kwana uku a jere ko biyar a wata, a taka a je gidan, namiji ga maigida, mace ga uwargida, a rubuta ranar da abin da aka ji. Huɗu, in duk wannan bai yi ba, a zauna da mai unguwa da liman a nemi maslaha, sai abin ya faskara sannan a kai ga sakataren ilimi. A taronmu na zango mai zuwa kowane hedimasta ya zo mana da adadin gidajen da aka tuntuɓa da yaran da suka dawo, mu ga ko mun cika alkawari.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su a hanya da makaranta, ya ba malamai da iyaye ikon riƙe amana.